Wuƙar Suruki: Ta'aziyyar Malam Ummaru Ladan na Ƙofar Guga

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Alhamis, 16 ga watan Zulhajji 1446, wadda ta yi daidai da 12 ga Yuni 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Ummaru, ladanin masallacinmu na Ƙofar Guga a birnin Katsina, bayan aikin ƙaba da aka yi masa ranar Babbar Sallah. Ya bar matarsa Hajiya Rahmatu, da 'ya'ya da jikoki. Ni kuma, Sada, ya bar ni ba abokin faɗa. Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, wato taubashina ne, kuma tun muna yawo ba wando ban taɓa gaya masa magana mai daɗi a gaban mutane ba. Yau zan gwada, tunda ba ya nan balle ya ce tsufa ya fara taɓa mini kai.

Ba kewa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Wanda ya yi masa aikin surukinsa ne, Dakta Siddiƙu, mijin 'yarsa Lailatu. Tun da aka kai mamacin makwancinsa wata magana take yawo a majalisu da wuraren masu shayi, wai suruki ya kama sunan uban matarsa gatsau, ya tilasta masa hawa gadon tiyata, ya yanka shi, ya mutu. Maganar ta yi nauyin da likitan ya ajiye wuƙa, tun rasuwar bai sake shiga ɗakin tiyata ba. Masu yaɗa ta ba wanda yake wurin. Ni ina wurin daga farko har ƙarshe, don haka zan faɗi abin da idona ya gani.

Ummaru, duk wanda ya tashi a Ƙofar Guga da muryarka ya tashi. In da wuta, ka kira sallah a lasifika kamar kowa. In an ɗauke, wanda shi ya fi yawa, ba ka jiran a tayar da janareta. Sai ka hau dakalin nan na gefen masallaci ka saki murya har na bayan unguwa su ji. Ladanai hannu biyu suke kai wa kunne. Kai a 'yan shekarun nan ɗaya kake kaiwa, ɗayan ka dafe mara da shi. Yara sun ɗauka salo ne, har kwaikwayonka suke yi. Ni da na san abin da ake dafewa nakan ce maka wata rana abin nan zai riga mu amsa kiran, kai kuma ka ce bakina ya sari ɗanyen kashi.

A kasuwar hatsi muka fara dakon buhu tare muna samari, har ka samu rumfarka ta awo. Kowa ya san tiyarka ba ta da ha'inci. Abin da ba kowa ya sani ba, in aike ya zo daga gidan mai takaba ko gidan marayu, sai ka yi ta tulawa har gero yana zuba ta gefe, in an yi magana ka ce hannunka ne ke rawa. Ban taɓa ganin hannun nan ya yi rawa ba in attajiri ne a gabanka.

Lokacin da uwar 'ya'yana ta rasu na daina cin abinci. Kowa ya zo da wa'azi da lallashi, ban ji ba. Kai ka zo da kwanon tuwo, ka zauna a gabana kana ci kana santi, kana cewa dama marigayiya ta sha gaya maka ragon namiji ta aura. Haushi ya sa na fizge kwanon. Sai da na sauke shi babu komai na ga kana share ido da hannun riga.

Amma halinka da ya fi kowanne ƙarfi shi ne kunya, irin ta mutanen da. Lailatu 'yar fari ce, har ka koma ga Allah ban ji sunanta a bakinka ba, sai dai “yarinyar nan”. Da ta auri Siddiƙu, ɗan mutanen Ƙofar Kwaya, abin ya ninku. In ka hango motarsa ta shigo layi sai ka tuna kana da uzuri a masallaci. In ya ritsa ka a zaure, zai tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa can nesa, ku yi ta jera gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, kowa yana kallon tabarma. Ba ka shan ruwa a gabansa. Goro ma in yana bakinka sai ka daina taunawa har ya fita. Na taɓa tambayarka ko za ka gane shi in kun haɗu a wani gari, ka ce za ka gane ƙafafunsa.

Ƙabar kuwa ta daɗe tare da kai. Ga wanda bai sani ba, wata 'yar kafa ce ke buɗewa a naman ciki, hanji ya riƙa leƙowa ta nan yana yin ƙullutu a ƙarƙashin fata. Taka can ƙasan mara take, wurin da namiji ba ya nuna wa kowa. In ta fito sai ka kwanta rigingine ka lallaɓa ta da hannu ta koma, ka sha ruwan jar kanwa, ka ɗaure wurin da tsohon rawani a ƙarƙashin riga, ka fita harkarka.

Siddiƙu likitan tiyata ne, irin wannan aiki shi ne tuwonsa na kullum. Daga tafiyarka da hannun nan da ke kan mara ya gane. Amma ta ina zai fara? Ya gaya wa Lailatu cewa hanji yana iya maƙalewa a kafar ya mutu, gara a yi aikin tun ana ƙalau, a mayar da shi, a shimfiɗa 'yar raga a ɗinke, ka kwana ka koma gida. Lailatu ba za ta iya zancen marar mahaifinta ba, sai ta rage maganar ta kai wa uwarta. Hajiya Rahmatu ta ƙara ragewa ta gaya mini ta bayan ƙyaure. Abin da ya iso kunnena shi ne, wai yaran nan sun ce Malam ya rage ɗaukar nauyi. Sai da na taka da kaina na sami likitan sannan na ji zancen da kansa da ƙafarsa.

Ya san halinka, don haka ya riga ya shirya da wani abokin aikinsa wanda ya girme shi. Shi zai yi maka aikin, Siddiƙu kuwa ko hanyar asibitin ba zai bi ba ranar. Na kawo maka wannan, ka ce bayan damina. Damina ta wuce ka ce bayan kaka, kasuwa ta buɗe. Kaka ta wuce ka ce bayan azumi, wa zai tashi mutane sahur? Da na tsare ka na ƙarshe ka rantse mini bayan Babbar Sallah, da zarar likitan ya dawo daga Makka, don a bana ya tafi aikin Hajji.

Ranar Arfa an ɗauke wuta, kana azumi, ka hau dakali kiran Azahar. Ina alwala a gida na ji muryarka ta kai tsakiyar kira ta yanke. Aka yi shiru har na ajiye buta, sannan ka ƙarasa can ƙasa-ƙasa. Bayan sallah na tambaye ka, ka ce ƙishirwa ce. Ashe ƙabar ce ta fito ta ƙi komawa, kuma haka ka kwana da ita ba ka gaya wa kowa ba. Da Asubar Sallah muryar wani na ji tana kira. Na san ba lafiya ba, domin ko zazzaɓi bai taɓa hana ka wannan kiran ba.

Daga filin Idi ban koma gida ba, gidanka na wuce. Ragon layya yana ɗaure a tsakar gida ba wanda ya bi ta kansa. Na same ka a ɗaki ka naɗe, gumi yana zuba, kana ta aman wani abu kore. Ciki ya kumbura. Ƙullutun ya yi tauri, ko riga ta taɓa shi sai ka cije leɓe. Ɗanka Nasiru, ƙanen Lailatu, ya kawo mota, muka ɗauke ka kana cewa a bari rana ta yi sanyi tukuna.

Asibiti ranar Sallah sai a hankali. Wani ƙaramin likita ya duba ka, na ga fuskarsa ta sauya, ya fita da sauri ya buga wa babban likitan da ke bakin aiki waya. Ba a jima ba muka ji sallama a ƙofa. Siddiƙu ne.

Kana jin muryarsa ka juya fuska bango, ka ja mayafi har wuya. Shi kuma ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya durƙusa da kayan aikinsa a jiki, ma'aikatan jinya suna kallon ikon Allah. Ɗaki ɗaya kuke, amma ta kaina kuke magana.

Ya ce, “Baba Sada, a gaya ma Baba hanjin ya shaƙe, jini ba ya isa gare shi. In ba a buɗe yanzu ba ruɓewa zai yi.”

Na juya na maimaita maka, kamar kai ba ka da kunne.

Ka ce, “Ka ce mashi an gode. A jira wancan ya dawo daga Makka.”

Na ce, “Ummaru, wancan ko jifan Shaiɗan bai gama ba.”

Ka ce, “To a nemo wani.”

An nema, wallahi an nema, kuma Siddiƙu da kansa ya yi ta bugun wayar. Wani ya tafi garinsu Sallah, wayarsa a kashe. Wani yana wani asibitin, hannunsa cikin mutanen da suka yi hatsarin mota da safe, ba ranar fitowa. Nasiru ya ce a ɗauke ka a tafi Kano. Siddiƙu ya ce hanya za ta cinye ɗan lokacin da ya rage, kuma can ma Sallah ake yi. Nasiru ya ɗaga murya, ya ce ai uban nasa ne, shi zai faɗi inda za a kai shi. Sai da Hajiya ta kalle shi sannan ya yi shiru, amma makullin motar bai bar hannunsa ba.

Sallar ta faɗo ranar Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci limaminmu ya zo, ya zauna a gefen gado ya yi maka bayanin lalura, da yadda shari'a ta yarda likita ya ga abin da magani ya buƙaci a gani. Ka saurare shi har ya gama, sannan ka ce, “Allah gafarta Malam, na san halas ne. Ba haram nike gudu ba. Mijin ɗiyata ne.” Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ta ce ai allurar barci za a yi maka, kuma da ƙyalle ake rufe mutum ruf, wurin da ake bari bai wuce tafin hannu ba. Ka ce, “Ni zan yi barci. Shi hwa? Idonshi biyu.”

Da na ga na malamai bai ci ba sai na jawo nawa makamin. Na ce maka matsoraci, wuƙa kake tsoro ka laɓe bayan kunya, raguna nawa suka kwanta yau a garin nan ba gardama? Na jira ka rama. Ba ka rama ba. Wannan shirun ya tsorata ni fiye da aman da kake yi.

Rana tana ta tafiya. An sa maka ƙarin ruwa amma leɓenka a bushe, jiki ya ɗau zafi, shaƙuwa ta fara. Lailatu tana baranda, kunya ta hana ta shigowa, tsoro ya hana ta tafiya, sai ta zauna a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Siddiƙu yana nan durƙushe. Ƙaramin likitan ne ke zuwa ya taɓa ka ya koma ya raɗa masa abin da ya ji, kuma duk zuwa sai na ga fuskar Siddiƙu ta ƙara duhu. Kana cikin hankalinka, ba shi da ikon taɓa ka sai da yardarka. In ya bar ka, uban matarsa zai mutu a asibitinsa yana kallo. In ya matsa maka, ya keta abin da ba a ketawa. Gaba kura baya sayaki, kuma kowa a ɗakin ya san haka.

Wajen La'asar ka yi wani amai da warinsa ya sa ma'aikaciyar nan ta dubi Siddiƙu. Sai na ga ya miƙe. Ya mayar da takalmansa. Ya tako har kan gadonka ya tsaya a tsaye, abin da bai taɓa yi a gabanka ba tun da aka ɗaura auren.

Ya ce, “Malam Ummaru.”

Hajiya Rahmatu ta saki salati. Nasiru ya zabura yana cewa, “Kai! Sunan Baba?” Na riƙe masa riga da duk ƙarfin da ya rage mini.

Siddiƙu bai waiwaya ba. Ya ce, “Malam Ummaru, ni ne likitan da ke bakin aiki yau, kai kuma majinyaci ne. Ba ni da suruki a ɗakin nan. Hanjinka shina mutuwa. Ka ba ni izini in yi aikina.”

Masu ba da labari a gari suna faɗin wannan maganar, kuma gaskiya ne ya faɗe ta. Abin da ba sa faɗi, don ba su gani ba, shi ne muryarsa rawa take yi, hawaye yana bin gemunsa, hannayensa kuma a bayansa ya haɗa su ya matse. Na tsufa ban taɓa ganin mutum ya ji kunya irin wadda ya ji a tsayuwar nan ba.

Ka juyo a hankali, Ummaru. Ka ɗaga ido ka dubi fuskarsa, ka daɗe kana dubanta. Sannan ka ce, “To, likita. Bisimilla.”

Aka tura ka ɗakin tiyata. Muka zauna a baranda, ƙamshin suyar naman Sallah yana shigowa daga gidajen maƙwabta. Duk buɗe ƙofa sai mu miƙe, mu ga ba mu ake nema ba, mu koma. Nasiru ya koma can gefe shi kaɗai. Na yi Magariba a wurin, amma kada a tambaye ni surar da na karanta.

Da ya fito ni ya fara samu. Ya ce wani yanki na hanjin ya riga ya yi baƙi, ya yanke shi, ya haɗa sauran, ya toshe kafar ya ɗinke. Ya ce, “Baba Sada, mun makara, amma an yi abin da za a iya. Saura na Allah.” Daga nan ya wuce gaban Hajiya, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ce ta yafe masa abin da bakinsa ya faɗa. Ta ce Allah Ya yi masa albarka. Nasiru ya tashi ya bar wurin.

Kwanakin da suka biyo sun ba mu rai. Ka farka, ka tambayi ko an yanka ragon, ka tambayi wa ke kiran sallah, da aka faɗa maka ka ce yaron yana haɗiye harufa. Kunyarka ma ta farka tare da kai. In Siddiƙu ya shigo zagayen duba marasa lafiya sai ka rufe ido ka yi barcin ƙarya, har da minshari, shi kuma ya duba ɗinkin yana magana da bango. Na fara shirya irin tsiyar da zan yi maka in mun koma gida. Sai zazzaɓi ya dawo, ya ƙi jin magani. Suka ce dafin ruɓar ya riga ya shiga jini tun kafin a buɗe. Siddiƙu ya tare a asibitin, ya kira duk wanda zai kira, ya sauya duk maganin da zai sauya.

Ranar Laraba da yamma, daga ni sai Hajiya a ɗakin, ka ce in matso. Muryar nan da ke kai wa bayan unguwa sai da na sa kunne a bakinka.

Ka ce, “Sada, ka gane abin da yaron nan ya yi? Ya ga na kasa tsallake kunyar, sai ya ɗauke ta ya aza ma kanshi don in samu in wuce. Ya san zagin da za a yi mashi.”

Na ce ka bar magana ka huta.

Ka ce, “Na san mutanenmu. In ta Allah ta kasance, cewa za su yi shi ya kashe ni. To shi zai yi mani wanka.”

Na ce, “Suruki? Ina aka taɓa yi?”

Ka ce, “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya riga ya gani, kuma ya rufa mani asiri. Kai ka zuba ruwa, tunda ba abin da ka iya.”

Wannan ce tsiyar ƙarshe da ka yi mini, kuma ban samu na rama ba.

Washegari da hantsi ka cika. Da aka kawo ka gida, zaure ya cika, ƙofar gida ta cika. Siddiƙu yana tsallaken titi a gindin bishiyar bedi, shi kaɗai, ba wanda ya matsa masa a tabarma. Nasiru ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa kada ya taka masa gida. Mai wankan gawa na unguwa ya iso yana naɗe hannun riga. Na miƙe na ce jama'a a dakata, mamaci ya bar wasiyya, surukinsa ne zai wanke shi.

Zaure ya ɗauki gunaguni. Wani tsoho ya ce shi tun da yake bai taɓa ji ba. Nasiru ya dube ni da jajayen idanu ya ce, “Haba Baba Sada, yau ma wasan ne?” A nan na gane inda ka jefa ni. Rayuwata duka ban taɓa faɗin wata magana a kanka ba sai ta zolaya, yau ga ta gaske a bakina, ba mai saye. Na rantse, aka ce in zauna, baƙin ciki ne ya taɓa ni. Mai wanka ya ɗauki butarsa ya nufi ciki.

Sai murya ta fito daga bayan ƙyauren cikin gida. Hajiya Rahmatu ce, matar da tun da aka kawo ta gidan nan ba baƙon namijin da ya taɓa jin muryarta daga zaure. Ta ce, “Ba wasa ba ne. A kunnena Malam ya hwaɗa. In ba za a cika mashi ba, a gaya mani dalili.”

Liman ya gyara murya ya ce wasiyya ce, shari'a ba ta hana ba, a cika. Na tsallaka titi na gaya wa Siddiƙu. Ya dube ni kamar bai ji Hausa ba, sai da na kama hannunsa. Ya ratsa mutanen nan kansa a ƙasa, ya tuɓe takalmi a inda ya saba tuɓewa, muka shiga.

Ya yi maka wanka yadda sunna ta koyar, mayafi a kanka, ƙyalle a hannunsa, ina zuba ruwa. Da hannunsa ya kai kan ɗinkin da shi ya yi, sai ya tsaya. Ni ma na tsaya. Kafaɗunsa suka fara girgiza, ba sauti. Muna haka Nasiru ya shigo da likkafani. Ya tsaya a kanmu, na ce yau kam sai abin da Allah Ya yi. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ajiye likkafanin, ya durƙusa ta wajen ƙafafunka, ya ce, “Yaya Likita, a juya shi ta dama?” Su biyu suka juya ka, su biyu kuma suka riƙe gaban makara har maƙabarta.

Abin da ya faru ke nan. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Ummaru bai mutu don surukinsa ya kama sunansa ba. Kwanansa ne ya ƙare, sababin kuwa jinkiri ne, kuma da a ce an kama sunan nan tun da hantsi wataƙila da wani labarin nake rubutawa. Allah ne masani. Mamacin da kansa ya yanke hukunci, ya miƙa gawarsa ga hannun da kuke zargi. Duk wanda ya ci gaba da maganar bayan wannan, da Ummaru yake jayayya, kuma ni shaida ne ba a cin nasara a kansa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Rahmatu, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki da maganar da kika yi a ranar da ta fi kowace wuya. Lailatu, ubanki bai taɓa kiran sunanki ba, amma in kin aiko da abinci ba ya bari kowa ya sa hannu, har ni. Nasiru, zafin zuciyarka na son uba ne, kuma ka gyara da hannunka, Allah Ya yi maka albarka. Ga sauran 'ya'ya da jikoki, da liman da jama'ar masallaci, da abokan rumfa na kasuwar hatsi, da dukan mutanen Ƙofar Guga, Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Saura kai, Siddiƙu. An gaya mini kana gida, ka ce hannunka ba zai ƙara riƙe wuƙa ba. To ka saurara. Ni ma ina da ƙabar, a hagu, kuma tun ranar jana'iza take yi mini gardama wajen komawa. Ranar Litinin zan zo asibiti da tabarmata da butata. Na Makka ko ya dawo ba shi nake so ba, Kano ma ba za ni ba. In ba ka fito ba zan zauna a barandar nan har ka fito, in kuma ta shaƙe ina zaune, kai da Allah. Ni ba surukinka ba ne, ka kira ni Sada da babbar murya, ka yi aikinka.

Ya Allah, ga bawanka Ummaru ya zo gare Ka. Ya kira bayinka zuwa ga sallah da lafiya da ciwo, Ka kira shi da mafi kyawun sunayensa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka suturta shi ranar tonon asiri kamar yadda ya rayu yana son sutura. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ƙarfafa hannun da ya wanke shi, Ka mayar da shi bakin aikinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.